Tallafin amfanin gona a jihar Iowa ta Amurka

Tallafin amfanin gona kuɗi ne da gwamnatin tarayyar Amurka ke biyan masu noma wasu zaɓaɓɓun amfanin gona idan farashi ya karye ko abin da gona ta kawo ya gaza. Jihar Iowa, wadda ke kan gaba a noman masara a ƙasar, tana sahun gaba wajen karɓar wannan kuɗi, tare da Texas da Illinois.

Tsarin ya samo asali ne a 1933, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta fara biyan manoma don su rage noma farashi ya ɗaga. Tun daga nan majalisar dokoki ke sabunta babbar dokar noma kusan duk shekara biyar. Ma'aikatar noma ta tarayya ce ke biyan kuɗin ta ofisoshinta na gundumomi. Gwamnatin jiha ba ta da hannu a ciki.

Dokar 2014 ta soke biyan kai tsaye da ake yi tun 1996 ko farashi ya faɗi ko bai faɗi ba, ta kawo shirye-shirye biyu. Na farko, PLC, yana biya idan matsakaicin farashin shekara ya sauko ƙasa da wanda doka ta yanka. A dokar 2018 an yanka wa masara dala 3.70 a kan ma'aunin bushel, wato kimanin kilo 25, waken suya kuma dala 8.40. Na biyu, ARC, yana biya idan kuɗin da kadada ke kawowa a gunduma ya gaza abin da aka saba samu a shekarun baya.

Abin da ke raba mai samu da marar samu shi ne ƙasa. Ana lissafin kuɗin ne da faɗin filin da aka yi wa rajista da irin amfanin da ya saba bayarwa a baya, ba da halin da manomi ke ciki ba. Mai kadada dubu zai kwashi ninki goma na mai kadada ɗari, ko da mai ɗarin ne bashi ya yi wa katutu. Ƙungiyar EWG (Environmental Working Group), wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka da ke tattara bayanan biyan da aka yi tun daga 1995, ta nuna cewa a faɗin ƙasar kashi 10 cikin 100 na masu karɓa sun tafi da kimanin kashi uku cikin huɗu na kuɗin.

Akwai iyaka, amma tana da ƙofofi. Dokar 2018 ta tsayar da dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara, ta kuma hana wanda kuɗin shigarsa ya haura dala 900,000. Sai dai a gonar haɗin gwiwa kowane abokin tarayya yana da nasa kason muddin an ɗauke shi mai hannu a aikin, kuma "hannu" na iya zama gudanarwa kawai, daga cikin birni. Dokar ta ma shigar da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan baffanni da kawunnai cikin iyalin da suka cancanta. Wannan na cikin abubuwan da ke jawo wa tsarin suka, kuma sukar tana da tushe.

Fiye da rabin gonakin Iowa haya ake nomawa. Mai haya ne ke karɓar tallafin, amma mai ƙasa ya san da shi, sai ya ɗora a kan kuɗin haya. Matashin da ke son fara noma shi ke ɗanɗana kuɗarsa, don farashin fili yana ta hawa.

Masu noman kayan lambu da 'ya'yan itace ba sa cikin PLC da ARC. A 2018 da 2019, da rikicin kasuwanci da Sin ya karya farashin waken suya, gwamnatin Donald Trump ta raba ƙarin kimanin dala biliyan 23 a ƙasar, kuma Iowa na cikin jihohin da suka fi samu.