Waiwaye: yadda kyarkeci ya koma zama a tsakiyar makiyaya

Yawancinmu sunan kyarkeci kawai muka sani, daga bakin tsofaffin mafarauta, wasu ma ɗauka suke kura ce ko dila. Ba su ba ne. Karen daji ne mai manyan kunnuwa kamar faifai, jikinsa dabbare-dabbare da baƙi da fari da ruwan ƙasa, kowanne da irin zanensa, bakin jelarsa fari tas. Da can ana samunsa tun daga Senegal har Afirka ta Kudu, yau kuwa ƙiyasin da ake yi bai wuce 6,600 ba a nahiyar gaba ɗaya, kuma tun 1990 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke bakin ƙarewa. A nan yammacin Afirka ɗan ragowar da aka tabbatar yana dajin Niokolo-Koba ne na Senegal.

Asalin matsalar tun zamanin mulkin mallaka ne. Turawa sun ɗauke shi a matsayin muguwar dabba mai ɓarna, har lada ake biyan wanda ya kashe shi, a Rodeshiya kaɗai, wato Zimbabwe ta yanzu, an hallaka sama da 3,000 tsakanin 1956 da 1975. Abin da yafi ban takaici shine hatta masu gadin gandun daji, waɗanda aka ɗauka aiki don su kare dabbobi, su ma harbinsa suke yi wai yana ƙarar musu da bareyi kuma wai kisansa babu imani tunda da rai yake fara cin abin da ya kama. Sai da aka yi nisa kafin a gane kuskure.

To da aka daina harbin, an zaci shikenan, a bar shi cikin gandun gwamnati zai yaɗu. Ashe ba haka abin yake ba. Garke ɗaya na kyarketai yana buƙatar fili mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, wani lokacin ma fiye da 1,000, ga shi kuma a cikin gandun zaki ne sarki, yana kashe manya da ƴaƴansu, kura kuma tana bin su tana ƙwace naman da suka sha wahalar kamawa. Shi yasa suke zamewa su koma gefe-gefe inda zakuna ba su da yawa, nan kuma shine inda mutane suke. A kewayen gandun Hwange na Zimbabwe an ga wannan ƙarara: su fita gudun zaki su faɗa tarkon waya da aka ɗana wa gada, ko mota ta take su a titin Bulawayo zuwa Victoria Falls. A filin Serengeti na Tanzaniya kuwa a 1991 aka neme su aka rasa bayan cutar haukan kare ta shige su, amma abin mamaki wasu garken sun ci gaba da rayuwa a wajen gandun, a ƙasar makiyayan Masai.

Labarin da yafi tsaya min a rai shine na Laikipia da Samburu a arewacin Kenya. Sun ɓace a wurin cikin shekarun 1980, sai wajen shekarar 2000 suka dawo da ƙafarsu, ba wanda ya kawo su a mota, kuma ba gandu suka shiga ba, filin kiwo suka zauna tare da awaki da tumaki da raƙuma. Wata masaniya mai suna Rosie Woodroffe ta fara bibiyarsu a 2001, kafin a ankara sun kai wajen 300. Me ya riƙe su? Wata ƴar mitsitsiyar gada da ake kira dikdik, nauyinta wajen kilo 5 ne, wadda ta cika dajin saboda makiyayan wurin ba mutanen farautar naman daji ba ne. Sannan ga kiwo irin na gargajiya, makiyayi na biye da dabbobinsa duk yini, da dare a kulle su cikin shingen ƙaya. Shi kyarkeci da sassafe da yammaci yake farauta kuma yana shakkar mutum, in ya hango makiyayi tsaye da sandarsa sai ya kauce. Inda aka cinye naman daji ne kaɗai yake komawa kan awaki akai-akai, kuma nan fa ba za ka ga laifin talakan da ya rasa akuyarsa ba in ya fusata.

Sai 2017 ta zo da mummunan fari, makiyaya suka kwararo da shanunsu da karnukansu neman ciyawa, cutar distamfa ta ɓarke, wata cutar karnuka ce dangin ƙyanda. Su kuma kyarketai komai tare suke yi, suna lasar bakin juna, manya su dawo daga farauta su amayar wa ƴaƴa nama a bakin rami, don haka da ɗaya ya kamu garken duka ya tafi. Cikin ƴan watanni kusan duk suka mutu.

Yanzu aikin ya fi karkata kan karnukan gida ne, ana bin ƙauye-ƙauye ana musu allurar haukan kare kyauta, wanda ko yaran ƙauyen ma ya cece su daga cizon mahaukacin kare. Ƴan tsirarun da suka tsira a 2017 sun haɗu sun sake kafa garke, har sun haihu a wannan filin kiwon dai.