Jakadun Najeriya a Birtaniya

Jakadan Najeriya a Birtaniya shi ne babban wakilin gwamnatin tarayya a wurin gwamnatin Birtaniya da fadar sarautarta. Ofishinsa na cikin ginin Nigeria House, lamba 9 a titin Northumberland Avenue, dab da dandalin Trafalgar a Landan. A hukumance Babban Kwamishina ake ce masa, kamar sauran wakilan da ƙasashen ƙungiyar Commonwealth ta rainon Ingila ke aika wa juna, amma darajarsa ɗaya da ta kowane jakada. Muƙamin ya samu cikakken matsayinsa ne ranar 1 ga Oktoba, 1960. Tun daga lokacin, siyasar cikin gida ta fi ƙwarewar diflomasiyya tasiri wajen zaɓen yawancin waɗanda suka riƙe shi.

Kafin samun 'yanci

A zamanin mulkin mallaka Najeriya ba ta da bakin kanta a Landan. Duk abin da ya shafe ta sai ya bi ta hannun Gwamna a Ikko, daga nan ya wuce Ofishin Kula da Ƙasashen Mallaka. Waɗanda suka fara zuwa ido da ido da masu mulkin Ingila sarakuna ne, kuma ziyara ce ta kai su. Alake na Abeokuta, Gbadebo, ya je a 1904. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya biya ta Ingila a 1921 a kan hanyarsa ta aikin Hajji, ya gana da Sarki George na Biyar. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya je tare da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman. Turawan mulki ne ke tsara waɗannan tafiye-tafiye, su ne kuma tafintoci.

Tawagar jam'iyyar NCNC ta 1947 ta sha bamban. Nnamdi Azikiwe ne ya jagorance ta, cikinta har da Funmilayo Ransome-Kuti da Bukar Dipcharima, da kuɗin da aka tara daga hannun jama'a. Ƙorafi suka kai wa Sakataren Ƙasashen Mallaka, Arthur Creech Jones, kan tsarin mulkin da Gwamna Richards ya kawo, shi kuwa ya sallame su da shawarar su koma gida su gwada tsarin tukuna.

Bayan tsarin tarayya na 1954 aka naɗa Kwamishinan Najeriya a Landan. Matthew Mbu, tsohon ministan ƙwadago wanda a lokacin matashi ne ƙwarai, ya riƙe ofishin daga wajen 1955 zuwa 1959. Jihohin Arewa, Yamma da Gabas ma kowacce ta buɗe nata ofishin da nata wakilin. Aikinsu bai wuce kula da ɗalibai, ɗauko ma'aikata da neman masu zuba jari ba, domin harkar waje tana hannun Birtaniya. A 1957 aka ɗauki rukunin farko na jami'an diflomasiyya su 12, aka rarraba su ofisoshin jakadancin Birtaniya su koyi aiki.

Jamhuriya ta Farko

Wanda ya fara riƙe muƙamin bayan 'yanci shi ne Alhaji Abdulmaliki, ɗan Attah na Ebira Ibrahim Atta, wanda dama ya taɓa wakiltar Jihar Arewa a Landan. Ya zauna a kujerar har 1966, sannan aka mayar da shi Faransa.

Daga 1960 zuwa 1963 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce shugabar ƙasar Najeriya a kundin tsarin mulki, don haka ba za a aika mata jakada daga wurin kanta ba. Wasiƙar gabatarwa daga Firayim Minista zuwa takwaransa ita ce takardar aikin wakili. Sai da ƙasar ta zama jamhuriya a Oktoban 1963 shugaban ƙasa ya fara rubuta wa Sarauniya kai tsaye. A ranar miƙa wasiƙar, fada kan aiko da keken doki ya ɗauki sabon wakili zuwa Buckingham, kuma bisa al'ada dawaki huɗu ke jan na Babban Kwamishina, biyu ke jan na sauran jakadu. Haka kuma ma'aikatar hulɗa da ƙasashen Commonwealth ce ke sauraron wakilin Najeriya, har zuwa 1968 da aka haɗe ta da ma'aikatar harkokin waje.

Babban abin da ya tayar da ƙura a wannan zamani shi ne yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Birtaniya lokacin 'yanci. Ɗalibai da 'yan adawa sun yi mata ca, aka soke ta a Janairun 1962.

Ogundipe da yaƙin basasa

Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, 1966, da kashe Janar Aguiyi-Ironsi, Birgediya Babafemi Ogundipe ne hafsa mafi girma da ya rage a Ikko. Sojojin Arewa da suka yi tawaye sun ƙi bin umarninsa, mulki ya koma hannun Yakubu Gowon wanda ke ƙasa da shi a muƙami. Tura Ogundipe Landan a matsayin jakada ya raba gardama: an fitar da shi daga jerin masu ba da umarni ba tare da an ci masa fuska ba. Har yau ana saɓani kan ko gudu ya yi ko kuwa kauce wa zubar da jini.

Da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, ofishin ya zama ɗaya daga cikin mafiya muhimmanci da ƙasar ke da su a waje. Gwamnatin Harold Wilson na sayar wa ɓangaren tarayya makamai, alhali hotunan yaran Biyafara masu fama da yunwa sun cika jaridun Ingila, 'yan majalisa na matsa lamba a dakatar da cinikin. Kamfanin Markpress da ke Geneva ne ke yi wa Biyafara farfaganda, kuma ya fi gwamnatin tarayya iya jan hankalin 'yan jarida. Aikin Nigeria House shi ne hana Birtaniya sauya matsayi. A Landan aka yi tattaunawar share fage ta Mayun 1968 wadda ta kai ga taron sulhun Kampala da ya watse ba a cimma komai ba. Birtaniya dai ba ta daina ba da makaman ba har yaƙin ya ƙare a Janairun 1970. Ogundipe ya bar aiki a shekarar, ya rasu a Landan a 1971.

Shekarun 1970

Sule Kolo, ƙwararren ma'aikacin gwamnati, ne ya gaje shi, kuma a zamaninsa Gowon ya kai ziyarar aiki a Yunin 1973. Dangantaka ta yi tsami bayan kisan Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976: Najeriya ta nemi a janye jakadan Birtaniya Martin Le Quesne, Birtaniya kuma ba ta miƙa Gowon da ke karatu a Jami'ar Warwick, wanda ake zargi da hannu a lamarin, ba. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin BP, ana tsakiyar taƙaddama kan Rodeshiya da Afirka ta Kudu.

Batun Umaru Dikko

Ranar 5 ga Yuli, 1984, wasu mutane suka yi awon gaba da Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri na Shehu Shagari, a ƙofar gidansa da ke unguwar Bayswater. Ya tsere Landan ne bayan juyin mulkin Muhammadu Buhari, sabuwar gwamnatin kuwa na zarginsa da wawure dukiyar ƙasa. Sakatariyarsa ta hango abin da ya faru ta kira 'yan sanda, aka sanar da duk filayen jiragen sama.

A filin jirgin Stansted aka kawo manyan akwatunan katako biyu da za a loda wa jirgin Nigeria Airways zuwa ma'aikatar harkokin waje a Legas. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta hana buɗe jakar diflomasiyya, amma da sharaɗin a ga alamarta a jiki, ɗan rakiya kuma ya riƙe takardun shaida. Waɗannan akwatuna ba su cika sharaɗin ba, sai jami'an kwastan suka fasa su. A cikin ɗaya aka tarar da Dikko a sume, kusa da shi wani likita ɗan Isra'ila da kayan allurar sa barci. A ɗayan kuma mutum biyu ne a ƙudundune.

Jakada a lokacin shi ne Manjo Janar Haldu Hananiya, wanda bai daɗe da kama aiki ba. Birtaniya ta kori jami'ai biyu na ofishinsa. Shi kuma da ya tafi Legas tuntuɓa, sakataren harkokin waje Geoffrey Howe ya ce bai dace ya dawo ba. Najeriya ta mayar da biki: ta tsare jirgin British Caledonian na ɗan lokaci, ta kori jami'an Birtaniya biyu, ta sa aka janye jakadan Birtaniya Hamilton Whyte. A 1985 kotu ta ɗaure 'yan Isra'ila uku da wani manjo na sojan Najeriya shekara 10 zuwa 14. Gwamnatocin Najeriya da Isra'ila duk sun musanta hannu a ciki.

Kujerar ta zauna ba kowa har 1986, lokacin da gwamnatin Ibrahim Babangida ta tura George Dove-Edwin, gogaggen jami'in diflomasiyya. Gyaran da aka samu ya kai ga ziyarar aikin Babangida a Mayun 1989.

Zamanin Abacha

Alhaji Abubakar Alhaji, Sardaunan Sakkwato kuma tsohon ministan kuɗi, ya karɓi ofishin a farkon shekarun 1990. Rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995, ya sa aka dakatar da Najeriya daga Commonwealth, a daidai lokacin da ɗan ƙasar, Emeka Anyaoku, ke babban sakataren ƙungiyar a Landan ɗin. Birnin ya zama matattarar 'yan adawa masu gudun hijira. An ɗage dakatarwar a Mayun 1999.

Daga 1999

Gwamnatocin farar hula sun fi tura dattawa masu suna. Bola Ajibola, tsohon ministan shari'a kuma alƙali a Kotun Duniya, ya yi daga 1999 zuwa 2002. Christopher Kolade, wanda ya shugabanci gidan rediyon tarayya da kamfanin Cadbury, ya biyo baya har 2007. Dakta Dalhatu Sarki Tafida, likitan Shagari kuma tsohon shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa, ya yi daga 2008 zuwa 2015. Sai mai shari'a George Oguntade a 2017, da Sarafa Tunji Isola a 2021, wanda aka kira gida a Satumban 2023 lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya janye jakadun ƙasar. Yawancin aikin ofishin a yau na fasfo ne da biza da al'amuran 'yan Najeriya mazauna Birtaniya.