Yaron da ke fashin makaranta: me dokar 2004 ta ce wa iyayensa?

Iyaye da yawa suna ganin da zarar an rubuta sunan yaro a makaranta an ɗinka masa yunifom, to sun sauke nauyi. Dokar ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole, wadda aka sanya wa hannu a 2004 zamanin Obasanjo, ta nemi fiye da haka. Sashe na 2 ya wajabta wa uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya je makaranta har ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Sashe na 4 ya ƙara da cewa zuwan ya zama a kai a kai.

Wannan sharaɗi na biyu shi ne aka fi takewa, kuma ba a ɓoye ba. Ranar kasuwar gari aji ya kan zama rabi. Damina ta faɗi, a janye maza zuwa gona, da kaka kuma su tafi girbi. Yarinya ta ɗauki farantin talla da safe, ta iso ana shirin tashi. Duk waɗannan yara sunayensu na cikin rajista, don haka ba a lissafa su cikin waɗanda ba sa zuwa makaranta, alhali karatun yana wuce su.

Dalilin da ya sa doka ta dage a nan, malaman firamare sun fi kowa saninsa. Karatu kamar gini yake, bulo kan bulo. Yaron da bai zo ba makon da aka koyar da lissafin ɗebewa, zai zauna ana lissafin rabawa yana kallon allo kawai, malami mai ɗalibai cike da aji kuwa ba zai koma baya saboda shi ba. Daga nan sai kunya ta shigo, sai fashin ya ƙaru, wata rana a ji an ce "ai ba shi da kan boko".

Hukuncin kuwa mataki-mataki ne. Karon farko kotu ta ja wa uba kunne. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. A yau wannan tara ba ta tsorata kowa, kuma da wuya ka ji an gurfanar da wani a kanta.

Ita ma gwamnati dokar ba ta ƙyale ta ba. Karatun dole ya zama kyauta, kuma cikin abin da aka lissafa har da littattafai, kujeru, ajujuwa da abincin rana. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta a hannun iyaye zai iya fuskantar tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Hukumar UBEC, wadda ke kula da shirin ilimin bai-ɗaya a matakin tarayya, na samun akalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin asusun gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta cin gajiyar kasonta sai ta ajiye nata rabin, kuma jihohi da dama sun sha barin kuɗin a kwance. A ganina, jihar da ta bar yara zaune a ƙasa ƙarƙashin rufi mai yoyo, bakinta zai yi nauyi in ta tashi kai uban yaro gaban majistare.