Maganin tarin kemis ba ya warkar da limoniya

Tun da hunturu ya shigo Kumasi, da wuya in yi kwana biyu ba a kawo mini yaro asibiti daga Aboabo ko Asawase yana numfashi sama-sama ba. In na ce, "Mma, yaushe ya fara?" sai uwa ta ce kwana huɗu, wata ta ce mako guda. Daga nan ta zuge jaka ta ciro kwalbar maganin tari da ta saya a kemis, an sha rabi. Ga ƙirjin yaron yana ƙyalli da man kaɗe da Robb.

Haba iyayena mata! Kwalbar nan ce ke cinye kwanakin da ya kamata yaro ya samu magani. Limoniya ciwon huhu ce, ba mura ba. Maganin tari ba ya kashe ƙwayar cutar, wani ma barci yake sa yaro, ki ɗauka sauƙi ne ya samu alhali ciwon yana ci. A 2019 kaɗai cutar nan ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 700,000 a duniya.

Na san ba ƙin yaran kuke yi ba. Kasuwa na jira, layin asibiti da tsawo, kaka kuma ta ce sanyi ne kawai. To, ki ɗaga masa riga lokacin da yake kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, akwai matsala. Ɗan shekara 1 zuwa 5, 40. Jaririn da bai cika wata 2 ba, 60. In kika ga ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya galabaita, ko ya fara jijjiga, ki goya shi zuwa asibiti ko da tsakar dare ne. Kada ki biya ta kemis. Don Allah, kada ki biya ta kemis!

Mu za mu duba shi, mu ba da Amoxicillin daidai nauyinsa, wanda ya yi tsanani a kwantar da shi a sa masa iskar oksijin. Ki ƙarasa maganin ko ya tashi yana wasa, ki ci gaba da ba shi nono, ki fitar da murhun gawayi daga ɗakin da yake kwana, ki sabunta katin inshorar lafiya na NHIS tun kafin buƙata ta taso. Allurar rigakafin limoniya kuwa tun 2012 ake yin ta kyauta a Gana, a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa. Ki zo awo da katinsa in duba miki ko ta cika.