Waiwaye: Yadda kula da muhalli ya shiga ibadar Katolika

Idan aka ambaci Cocin Katolika da batun muhalli, galibi Paparoma Francis ne ke faɗo wa mutane a rai, saboda wasiƙarsa ta Laudato Si' da ta fito a watan Yunin 2015. Sai dai maganar ta girme shi nesa ba kusa ba. Shi tattaro ta ya yi wuri guda, ya ɗora ta a wuyan kowane mai bi.

Tushen yana cikin Littafin Farawa, littafin farko na Littafi Mai Tsarki. Sura ta 1 ta ce a mallaki duniya, sura ta 2 aya ta 15 kuma ta ce an sa mutum a gonar Aidan don ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Rikicin fassara duk tsakanin ayoyin nan biyu yake. A ƙarni na 6, dokokin zaman zuhudu na Waliyyi Benedict sun umarci mai kula da rumbu ya riƙe kayan aiki kamar tsarkakan kwanonin bagade. A wajajen 1225, Waliyyi Francis na Assisi, ɗan Italiya, yana fama da ciwon ido, ya tsara waƙar yabo da ke kiran rana ɗan'uwa, ruwa 'yar'uwa, ƙasa kuma uwa. Amma wannan duka tarbiyyar ruhi ce ta ɗaiɗaikun mutane, ba koyarwar da coci ya shimfiɗa ba.

Tsokana ta zo ne daga waje. A 1967, masanin tarihi ɗan Amurka Lynn White ya rubuta a mujallar Science cewa Kiristancin Yamma na da babban kaso a laifin lalacewar muhalli, don ya koya wa mutum cewa an halicci komai dominsa. Abin lura, shi da kansa ya ba da shawarar a koma ga tafarkin Francis na Assisi. Paparoma Paul VI ya taɓo batun a wasiƙarsa ta 1971, inda ya yi gargaɗin cewa mutum na iya zama wanda ɓarnar hannunsa za ta ci. A 1979 Paparoma John Paul II ya ayyana Francis na Assisi a matsayin waliyyin masu kare muhalli. Saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta 1 ga Janairun 1990 shi ne ya fito fili ya ce matsalar muhalli matsalar ɗabi'a ce, a 2001 kuma ya yi kiran tuba game da halitta.

Bishop-bishop na wasu ƙasashe sun riga Rum, wato fadar Paparoma, zafin nama. Na Filifin sun fitar da wasiƙa tun 1988 kan saran daji da mutuwar koguna. A Brazil kuwa da jini aka biya: ranar 12 ga Fabrairun 2005 aka harbe Sista Dorothy Stang, mai shekara 73, a yankin Anapu na jihar Para, saboda tsayawarta tare da ƙananan manoma a kan masu share dajin Amazon.

Zamanin Paparoma Benedict XVI ya bar darasi biyu. A 2008 aka kafa farantan sola 2,400 a rufin babban zauren taro na Paul VI, aikin da kowa ke iya gani da idonsa. Shekara guda kafin nan kuma, wani kamfani ya yi alkawarin dasa daji a Hangari don share hayaƙin da Vatican ke fitarwa, aka yi ta yayatawa, ba a dasa itacen ba. Ba mamaki ba ne da Laudato Si' ta zo tana ɗari-ɗari da cinikin takardun hayaƙi, wato biyan kuɗi a madadin rage hayaƙin da ake fitarwa, a sakin layi na 171, tana ganin dabara ce da ke barin mai kuɗi ya ci gaba da almubazzaranci.

Wasiƙar na da babi 6 da sakin layi 246, kuma ta fito ne wata shida kafin taron sauyin yanayi na Paris. Jigonta shi ne kukan ƙasa da kukan talaka ɗaya ne, ba a raba su. Ta nemi a bar makamashin da ke gurɓata iska sannu a hankali, musamman kwal. Ta jawo maganar Patriyak Bartholomew na Cocin Otodoks, har ma da ta sufin Musulmi Ali al-Khawwas. Suka ma ta sha: wasu sun ce Paparoma ya shiga gonar masana tattalin arziki, wasu kuma sun ce ya kauce wa batun yawan haihuwa a sakin layi na 50.

Inda ta sauko ƙasa shi ne sakin layi na 211: rage leda da takarda, tattalin ruwa, rarraba shara, dafa iya abin da za a cinye, shiga motar haya ko haɗa tafiya, dasa itace, kashe wutar da ba a buƙata. Na 227 ya roƙi a dawo da addu'ar godiya kafin cin abinci da bayansa. Daga 2015 aka ware 1 ga Satumba don addu'a game da halitta, ranar da Otodoks ke kiyayewa tun 1989, ana kuma ja har 4 ga Oktoba, idin Francis na Assisi. A 2016 aka sa kula da duniya cikin ayyukan jinƙai. Taron bishop-bishop kan Amazon na 2019 ya nemi a kira ɓata muhalli da sunansa, wato zunubi.

A matakin majami'a ne abin ke cijewa. Ana dasa itatuwa a watan Satumba don ranar ta dace da kalandar coci, alhali a inda rani ke biyo baya, dashe sai an yi masa shinge da ban-ruwa na aƙalla rani biyu, in ba haka ba dabbobi da fari su gama da shi. Ana kafa sola ba tare da an auna wutar da ginin ke ja ba, ba a kuma ware kuɗin sauya batir, sai bayan 'yan shekaru a koma kan janareta. Ana ajiye kwandunan rarraba shara, motar kwasa ta zo ta juye su wuri ɗaya. Kwamitin ma sau da yawa yana rataye ne a kan fada guda, wato limamin majami'ar, da an yi masa canjin wurin aiki sai komai ya tsaya. A 2021 Vatican ta ƙaddamar da wani tsari mai manufofi 7 cikin shekara 7, wanda ke neman iyalai da makarantu da majami'u su fara da auna kansu, su rubuta shiri, su riƙa bitarsa duk shekara.

Paparoma Francis bai gamsu da saurin tafiyar ba. A wasiƙarsa ta Laudate Deum ta 4 ga Oktoban 2023, gab da taron sauyin yanayi na Dubai, ya ce abin da aka yi bai wadatar ba, ya kuma caccaki masu musun ɗumamar yanayi har a cikin coci. Bayan rasuwarsa a Afrilun 2025, magajinsa Leo XIV ya jagoranci sabon tsarin Mas, wato babbar sujadar Katolika, na kula da halitta a lambun Castel Gandolfo da ke kusa da Rum a watan Yuli, kwanaki kaɗan bayan an saka shi cikin littafin sujada na cocin.