Abin da doka ta ce game da zaiba a cikin man bilicin

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan shafe-shafe a babbar kasuwar Maradi zai ga kwalabe da sabulai iri-iri waɗanda ake tallata su da alkawarin hasken fata, kuma da yawa daga cikinsu sun shigo ne ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ko akwai dokar da ta tsara abin da ake zubawa a cikin waɗannan kwalabe. Akwai ta, kuma mafi ƙarfinta ta shafi zaiba, wato ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da ake gani a tsohon ma'aunin zafin jiki.

Dokar ita ce Yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita a shekarar 2013, ta fara aiki a watan Agusta na 2017, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga cikinta. Sunan ya samo asali daga wani gari a Japan inda aka gano a 1956 cewa mutane na kamuwa da mummunan ciwon jijiyoyi wanda daga baya aka tabbatar cewa cin kifin da zaibar wata masana'anta ta gurɓata ne ya jawo shi. Da farko yarjejeniyar ta ce bayan 2020 kada wata ƙasa ta yarda a haɗa, ko a shigo, ko a fitar da mai da sabulun hasken fata da zaibarsu ta wuce miligiram 1 a cikin kilo 1. A taron da aka yi a Janeba a 2023 an soke wannan rangwame, aka tsayar cewa bayan 2025 ko ƙwayar zarra ba a yarda a sa ba.

Dalilin tsanantawar a fili yake. Zaiba tana hana fata samar da sinadarin da ke ba ta launinta, shi ya sa mai shafawa take ganin haske cikin ƴan makonni, amma a lokaci guda jiki yana tsotse ta ta cikin fata, ta je ta taru a ƙoda, ta taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, har a fara ganin karkarwar hannu, mantuwa da rashin barci. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cutarwar ba ta tsayawa kan mai shafawa kaɗai, domin tana isa ga ɗan da ke ciki, tana bin ruwan nono, kuma tana maƙalewa a tawul da zanen gado da yara ke amfani da su.

Sai dai ya kamata a fahimci inda yarjejeniyar ta tsaya. Ta ɗora nauyi ne a kan gwamnati, cewa ta hana haɗawa da shigowa da fitarwa, saboda haka aikin yana hannun jami'an duwan da hukumomin lafiya da na kasuwanci. Ba ta tanadi hukunci ga matar da ta sayi mai ta shafa ba. Haka kuma ba ta ce komai ba game da sauran sinadarai biyu da suka yawaita a man bilicin.

Na farko shi ne haidirokinon, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a man shafawa tun 2001, Kodebuwa ta taƙaita shi a 2015, Gana kuma ta hana shi a 2016. Idan aka daɗe ana shafa shi, musamman a rana irin ta Maradi, fatar kumatu da goshi takan koma baƙi-baƙi mai shuɗi-shuɗi, tabon da ke da wuyar gogewa. Na biyu shi ne magungunan nan masu kwantar da kumburin fata, irin su kulobetazol da betametazon. Waɗannan a doka magani ne, wurinsu farmasi, kuma likita ne ke rubuta su na ƴan kwanaki. Idan aka mayar da su man kullum, fata takan yi sirara har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, wani lokaci ma su jawo hawan jini da ciwon suga. Wadda ta daɗe a kansu kada ta yanke dare ɗaya ba tare da ganin likita ba, domin fatar takan yi bore.

A ganina, babban giɓin yana wurin haɗi, wato man da ake cakuɗawa a gida ko a shago, a zuba a roba marar suna, a sayar wa amare gab da biki. Irin wannan ba shi da rajista, ba shi da jerin abin da aka zuba a ciki, ba shi da ranar lalacewa, kuma idan ya ƙona fuska babu kamfanin da za a nema. Ko mai kwali ma ba tabbas ba ne, tunda masu sa zaiba ba kasafai suke rubutawa ba. Duk da haka karanta bayan kwalba yana da amfani: idan aka ga mercure, mercury, calomel ko Hg, kayan haramtattu ne, idan kuma aka ga hydroquinone ko clobetasol, a kai wa mai farmasi ya duba kafin a buɗe murfin.