Tantance matashin dogon ɗan wasan ƙwallon kwando

A ƙwallon kwando, dogon ɗan wasa shi ne wanda ke tsayuwa kusa da zobe, yana tare jifar abokan hamayya, yana cafke ƙwallon da ta ɓare daga allo, yana kuma cin maki daga kusa. Kociyoyi na kiransa senta. Tantance shi yana nufin auna ko yaro mai shekara 14 zuwa 19 zai kai ga wasan ƙwararru, kuma a wane mataki. Aikin ya fi na sauran gurabe wuya, domin dogon jiki yana jinkirin nuna, kuma tsawo yana rufe idon mai kallo.

Sakkwato na da alaƙa ta musamman da wannan batu. Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963, ɗan ƙwallon hannu ne kuma mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa, sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando. Gasarsa ta farko ita ce ta makarantun horar da malamai da aka yi a Sakkwato. A 1984 Houston Rockets ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya ci kofi a 1994 da 1995, kuma har yau ba wanda ya kamo shi a tare jifa, sau 3,830. Saurin ƙafar da ya yi suna da shi, daga waɗancan wasannin biyu ya zo da shi.

Awon jiki

Ana auna abu uku. Na farko tsawo, ba takalmi, dunduniya manne da bango, domin takalmin wasa na ƙara kusan santimita 3. Na biyu gaba, wato daga yatsan tsakiya na hannu ɗaya zuwa na ɗayan idan an ware hannuwa. Na uku inda yatsu ke kaiwa idan yaro ya miƙa hannu sama yana tsaye, ba ɗage. Wannan na uku ya fi sauran amfani, tun da ba da kai ake tare ƙwallo ba. Zobe yana kan mita 3.05. Wanda hannunsa ya kai mita 2.80 tsallen santimita 25 kawai yake bukata ya taɓa shi, shi kuwa mai dogon wuya da gajerun hannuwa, ko da tsawonsu ɗaya, sai ya yi fiye da haka. Rudy Gobert na Faransa ya kai kimanin mita 2.92 a awon 2013, amma a zaɓen NBA aka bar shi har lamba ta 27, daga baya ya zama gwarzon mai tsaro na NBA sau huɗu.

Awon ba ya da ma'ana sai an san shekarun gaskiya. Yaro mai mita 1.98 a shekara 14 da saura ya ƙaru, mai shekara 19 kuwa ya riga ya tsaya. Rage shekaru ya ɓata wa 'yan wasan yankinmu suna, kuma yaron da aka rage wa shi ke kwana ciki: zai danne ƙananan yara a yi ta yabonsa, ranar da ya haɗu da tsararsa asiri ya tonu. Hoton ƙashin wuyan hannu yana nuna ko wuraren girman ƙashi sun rufe, kuma tsawon iyaye da kawunai yana ƙara haske.

Ƙafa da hannu

Nan ne mai tantancewa ya kamata ya daɗe. A sa yaro ya yi gudu daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, mita 28, sau shida a jere, a duba ko na shidan ya yi kama da na farko. A sa shi ya durƙusa kaɗan ya yi tafiyar kaguwa, gefe da gefe, ba tare da ƙafafunsa sun harɗe ba. Dalili shi ne wasan zamani yana jawo dogo waje: wani zai yi wa mai riƙe da ƙwallo shinge, sai dogon ya tsinci kansa gaban ɗan gajere mai sauri, kusa da layin maki uku, mita 6.75 daga zobe a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Idan ƙugunsa ba ya juyawa, a nan za a yi ta cin ƙungiyarsa. A NBA ma doka ta hana mai tsaro zama ƙarƙashin zobe fiye da daƙiƙa uku ba tare da yana tsaron wani ba. Hasheem Thabeet na Tanzaniya, mai mita 2.21, an ɗauke shi na biyu a 2009, bai ɗore ba, domin tsawon bai zo da saurin yanke shawara da laushin hannu ba.

Tsalle na biyu ya fi na farko faɗin gaskiya. Wanda ya dira ya sake tashi nan take shi ke samun ƙwallon da ta ɓare.

Gwajin hannu kuwa mai sauƙi ne: a jefa masa ƙwallo da ƙarfi, ƙasa da gwiwa, sama da kai, yana cikin gudu. Mai kama ta da yatsu, ba da ƙirji ba, ana iya koya masa sauran. Jifar kyauta ita ce ma'aunin laushin hannu, tun da ba mai tsaro a gabansa. Wanda ke cin bakwai cikin goma akwai fatan zai koyi jifa daga nesa, wanda bai kai rabi ba sai an sake masa salon jifar daga tushe. A kuma lura da abin da yake yi idan mutum biyu suka rufe shi, ko yana ganin abokinsa da aka bari. Wannan ganin ne ya sa Nikola Jokić, wanda aka ɗauka na 41 a 2014 saboda ana ganin jikinsa ba na tsalle ba ne, ya zama gwarzon NBA a 2021, 2022 da 2024.

Yawan maki a gasar makarantu ba hujja ba ne idan yaron ya fi kowa da taƙi guda. Yawan laifi ya fi nuna hankali: biyar ke fitar da ɗan wasa a dokar FIBA, kuma mai tsalle wa kowace yaudara ba ya kai ƙarshen wasa.

Lafiya

Abin da ya fi kashe wa dogaye sana'a shi ne ƙafa, gwiwa da baya. Greg Oden, wanda aka ɗauka na farko a zaɓen 2007 gaban Kevin Durant, wasa 105 kawai ya buga a NBA saboda gwiwa. Yao Ming ya ajiye wasa a 2011 bayan karaya a ƙafa ta yi ta dawo masa. Joel Embiid na Kamaru ya rasa kakar wasa biyu ta farko a NBA kan karayar ƙashin tsakiyar ƙafa. A Sakkwato, inda yawancin filaye na siminti ne kuma takalmi mai girman 48 zuwa sama ke wuyar samu, ciwon ƙasan ƙoƙon gwiwa ko na saman ƙafa da ya wuce mako biyu na likita ne, ba na mai ɗori ba. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a yi gwajin gudu bayan asuba ko bayan la'asar, in ba haka ba rana aka auna, ba yaron ba.

Dogon siriri mai gaba da ta zarce tsawonsa sosai, mai dogayen yatsu, lotsattsen ƙirji ko raunin gani, dole a yi masa hoton zuciya, domin cutar Marfan tana raunana babbar jijiyar jini. Ita aka gano wa Isaiah Austin, wani dogon ɗan wasa a Amurka, kwanaki kaɗan kafin zaɓen NBA na 2014.

Wanda ya tsallake waɗannan, hanyarsa kan bi ta ƙungiyoyin gida irin su Kano Pillars, sansanonin horar da matasa na Giants of Africa na Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ko makarantar NBA da ke Saly a Senegal. Gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka ta fara a 2021. Shiga zaɓen NBA kuwa sai ɗan wasa ya cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen.